Manoma Su Tsaya Wa Juna Shaida

Manomin da ya ƙaurace wa takin zamani da maganin feshi, ya dogara ga takin dabbobi da sauya shuka, lalle ya cancanci a sayi amfaninsa da daraja. To, amma mai saye a birni ba ya ganin gona, sai an nuna masa shaida. Kamfanonin da ke ba da takardar shaida kuwa sukan aiko sufeto kowace shekara, kuɗinsu ya fi ƙarfin mai eka biyu.

Manoman kudancin Barazil ne suka yi fice wajen neman mafita. A 1998 suka kafa ƙungiyar Ecovida, inda manoma da masu saye ke zagaya gonakin juna, su duba, sa'an nan su ba da hatimi. Gwamnatinsu ta karɓi wannan hanya a doka a 2007. Indiya ta bi sawu a 2011, ta ce manoma biyar sun isa kafa ƙungiya, kowa ya sa hannu a kan alkawari.

A ganinmu wannan tsari ya dace da ƙauyukanmu, domin mutanen da suka san gayya da adashi ba baƙin amana ba ne. Kuɗin da za a ba sufeto ya tsaya a gida, kuma kowane zagaye makaranta ne, gama mai dubawa yakan koyi abu a gonar da ya duba. Mun kuwa ga illar feshi barkatai: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa.

Duk da haka, kada a ruɗi manoma. Amfani kan ragu a shekarun farko, kafin ƙasa ta farfaɗo. Hatimin ƙungiya na kasuwar gida ne, Turai da Amurka sai takardar kamfani. Babbar matsalar kuwa ita ce kara. Wa zai tona surukinsa in ya gan shi da tankin feshi? In aka rufa wa mutum ɗaya asiri, hatimin kowa ya mutu, gama wake ɗaya ke ɓata gari.

Maganin wannan shi ne rubutu. Abin da aka rubuta a gaban jama'a, da kwanan wata da sunayen shaidu, ya fi ƙarfin kunya. Nan ne aikin ya faɗo kan malaman makaranta da akawuna. Muna roƙonku ku taimaki ƙungiyoyin ƙauyukanku da tsara littafin gona, ku koya wa 'yan makaranta cika shi, ku kuma sa a gayyato mai saye daga wani gari ranar zagaye. Ku dai riƙe alƙalami, hukunci na manoma ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.