Karen ruwa da dodon koɗi: suna da rajista

Bahaushe ya sa wa dabbobin nan biyu sunan aro, kuma ɗalibin da ya bi sunan kaɗai zai ɓata hanya. Karen ruwa ba kare ba ne. A rabon masana yana cikin dangin Mustelidae, ɗan uwan bodari da dage, mai shayarwa, mai ƙashin baya. Dodon koɗi kuwa ba shi da ƙashi ko ɗaya. Yana cikin rukunin Mollusca, ajin Gastropoda.

Kogin Weme yana tasowa ne daga tsaunukan yankin Zugu, wato Djougou, ya karɓi ruwan Okpara da Parakou ke sha, ya gangara kudancin Benin, inda karen ruwa mai ɗigo a wuya ke zaune cikin fadamu. Ƙungiyar IUCN ta sanya wannan nau'i a sahun waɗanda ke dab da shiga haɗari, saboda tarun masunta da lalacewar gaɓar koguna. Shi ya sami rajista, domin yana da fuskar da ke jan hankali.

Dodon koɗi bai sami wannan gata ba. Ana tsintar sa a kurmi lokacin damina ana kai shi kasuwa, amma mafi yawan nau'o'in Mollusca ba a taɓa tantance halinsu ba. Kuskure ne a ɗauki shirun rajista a matsayin lafiya, alhali a cikin dabbobin da aka tabbatar sun ƙare a duniya, wannan rukuni ya fi kowane yawa.