A Bakin Jamusawa, Safiya Da Gobe Sunansu Ɗaya

Duk wanda ya ɗauki karatun Jamusanci, ko ɗalibi ne mai shirin tafiya jami'a, ko ɗan kasuwa mai zuwa Hambug sayen motoci da injuna, ko kuwa mai sauraron Muryar Jamus ne kurum, wadda ta buɗe sashenta na Hausa tun 1963, akwai wata kalma guda da za ta rikita shi tun a makon farko. Kalmar ita ce "morgen". In an rubuta ta da babban baƙi, watau "Morgen", safiya ake nufi. In kuwa da ƙaramin baƙi ne, gobe ake nufi. A takarda da sauƙi, ido zai raba gardama, amma a baki ba babban baƙi ba ƙarami, sai dai mai sauraro ya dubi abin da ke gaban kalmar da abin da ke bayanta.

Asalin abin kuwa, mutanen dā in sun ce za su yi abu da safe, safiya mai zuwa suke nufi, a hankali ma'anar ta zauna ta zama gobe. To, yaya ke nan Bajamushe zai ce gobe da safe? Ba ya maimaita kalmar sau biyu, sai ya ce "morgen früh", watau gobe da wuri. Yau da safe kuwa "heute Morgen" ne.

Jamusawa sun kasa yini da dare kashi shida: Morgen, Vormittag, Mittag, Nachmittag, Abend, da kuma Nacht. In aka ƙara wa kowane harafin "s" a ƙarshe, aka mai da baƙin farko ƙarami, sai sunan ya koma kalmar bayyana lokacin aiki: morgens, vormittags, mittags, nachmittags, abends, nachts. Galibi wannan "s" tana ɗauke da ma'anar kullum. Wanda ya ce "Ich arbeite morgens" ya nuna da safe yakan yi aiki, al'adarsa ke nan. Wanda ya ce "Ich arbeite morgen" kuwa gobe zai yi aiki. Harafi ɗaya tak ya raba su, ga shi a ƙarshen kalma inda kunnen baƙo ya fi sakaci.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga wanda ya tsinci kansa a gaban likita. In likita ya ce a sha magani "morgens und abends", kowace safiya da kowane maraice ke nan har ya ƙare, kada mutum ya ji "morgen" ya ajiye magani sai gobe. A kan kwalin magani ma masu kantin magani sukan rubuta 1-0-1, ma'ana ƙwaya ɗaya da safe, babu da rana, ɗaya da maraice, in akwai lamba ta huɗu kuwa ta lokacin kwanciya ce. Haka "s" ɗin take a ranakun mako. Ƙofar da aka rubuta wa "montags geschlossen" kowace Litinin a rufe take, kamar yadda gidajen kayan tarihi da yawa suke yi a ƙasar.

Malaman nahawu sun ce wannan "s" ta mallaka ce, irin wadda sunaye maza suke ɗauka, shi ya sa har yanzu a rubutu mai nauyi akan ga "des Morgens" ko "eines Abends". Abin dariya shi ne kalmar Nacht mace ce, a ƙa'ida ba ta da rabo a wannan harafi, amma saboda yawan jerawa da 'yan uwanta maza ita ma ta yafa shi. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Inda Bahaushe zai fi yin tuntuɓe shi ne wajen daidaita waɗannan kalmomi da nasa. Shi rana yake duba da lokutan salla: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, magariba, lisha. Jamusawa kuwa agogo suke duba, kuma ba su da zaɓi, domin a Balin rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma a ƙarshen Disamba, a ƙarshen Yuni kuwa sai wajen 9 da rabi. Saboda haka "nachmittags", watau bayan tsakar rana har zuwa 5 ko 6, yana iya zama cikin duhu a lokacin sanyi, "abends" kuma da rana tsaye a lokacin zafi. "Vormittags" ya haɗe hantsi da walaha, "mittags" ya kama daga sha biyu zuwa wajen 2. "Abends" ne mai faɗi, domin ya tashi daga wajen 6 ya haɗiye magariba da lisha har zuwa wajen 10. Abin da Bahaushe zai kira ƙarfe 9 na dare, a wurinsu "neun Uhr abends" ne, dare bai yi ba tukuna sai mutane sun kwanta.

Daga nan ne kuskuren gaisuwa yake fitowa. Baƙo ya shiga gida bayan lisha, ya ɗauko barka da dare ya juya ta ya ce "Gute Nacht", sai masu gida su dubi juna, domin wannan daidai take da sai da safe, sallama ce ta mai tafiya barci. Mai shigowa "Guten Abend" yake cewa, ko da sha ɗaya ta buga. "Heute Nacht" ma fuska biyu gare ta, tana iya zama daren jiya, tana iya zama daren da ke zuwa, aikatau ne yake nuna wanne.

Agogon kansa yana da nasa tarko. "Halb acht" a zahiri rabi da takwas ne, amma ba takwas da rabi ba ce, bakwai da rabi ce, domin su sa'ar da ake dosa suke ambata, an ci rabin hanya zuwa takwas. Wanda ya juya ta da hankalin Hausa zai isa wurin ganawa bayan sa'a guda cur, a ƙasar da makarar minti goma ma sai an ba da haƙuri. A gabashi da kudancin ƙasar har "dreiviertel acht" suke cewa, watau takwas saura kwata, wadda takan ruɗa Jamusawan wasu sassan su kansu. Tashoshin jirgi da ofisoshi sun huta da wannan, sa'a 24 suke lissafi, 19.30 ba ta bukatar "abends".

Mai karatu da tsohon littafi zai ga an rubuta "heute abend" da "gestern morgen" da ƙananan baƙaƙe. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne, haka ƙa'idar take kafin gyaran rubutu da aka amince da shi a 1996, aka fara aiki da shi a 1998. Tun daga nan "heute Abend" da "gestern Morgen" ake rubutawa, amma masu "s" ɗin nan shida gyaran bai taɓa su ba, suna nan da ƙaramin baƙinsu.