Gilashin Kyamararmu: Na Gwanjo Ko Sabo?

Duk wanda ya buɗe wannan mujalla ta shekara, hotuna yake fara nema. Ɗalibi yana neman fuskarsa a hoton aji, uwa tana neman ta ɗanta, tsohon ɗalibi kuma yana so ya ga ko malamansa sun yi furfura. To, ya kamata masu karatu su sani cewa bana saura ƙiris a rasa hotunan nan, gama gilashin kyamarar makaranta ya faɗi ya fashe a ranar wasannin gidaje, sai aro muka yi aka gama aikin. Ɗalibai da malamai da zumuntar mata sun yi karo-karo domin a sayi wani. Kuɗi suna hannun kwamiti, gardama kuwa ta kaure a ɗakin malamai: a sayi tsohon gilashi na gwanjo, ko kuwa sabo a kwali? Mu da muke kula da ƙungiyar ɗaukar hoto mun ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu a fili, tun da kuɗin na jama'a ne.

Gilasan biyu da aka gano a Kano duka masu milimita 50 ne, wato irin wanda masu hoto suka ɗauka a matsayin na yau da kullum tun lokacin da kyamarar Leica ta fito da shi a Jamus a 1925. Ba ya zuƙowa, ba ya nisantarwa. In kana so abu ya matso, ƙafarka ce za ta taka. Amfaninsa shi ne ƙofar haskensa tana buɗewa sosai, saboda haka yana iya ɗaukar hoto a cikin majami'a ko ɗakin taro ba tare da walƙiya ba.

Masu goyon bayan tsohon ba su yi maganar banza ba. Sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Jikinsa ƙarfe ne, ba roba ba, babu inji a cikinsa balle ya lalace, kuɗinsa kuma bai kai rabin na sabo ba. Sun tuna mana cewa kamfanin Nikon ya fito da bakin da ake ɗaura gilashi a kai tun 1959, ya kuma riƙe shi shekaru da yawa, don haka wannan tsohon zai hau kyamararmu. Sun kawo misalin J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya, wanda ya fara da 'yar kyamarar Brownie a 1950, daga 1968 kuma ya shiga ɗaukar hotunan kitson mata har duniya ta san shi. Da hannu irin su suka yi ta saiti, in ji su, me zai hana yaranmu? Duk wannan gaskiya ne. Amma duk da haka, mu dai sabo muke goyon baya, ga kuwa dalilanmu.

Na farko, hawa daban, aiki daban. Kyamarar da wani ɗan ikilisiya ya ba mu kyauta Nikon D3200 ce, wadda ta fito a 2012. Irinta ba ta da injin da ke juya gilashi a jikinta. Ta dogara ga injin da ke cikin gilashin kansa. Tsohon gilashi na zamanin fim, wanda ba shi da lantarki ko kaɗan, zai hau, amma ba zai saita kansa ba, kyamarar kuma ba za ta auna masa haske ba. Mai hoto ne zai yi ta kintace. Sabon kuwa, wanda aka fara fitarwa a 2011, yana da nasa injin. Ojeikere kullum kyamara tana hannunsa, shekara da shekaru. Namu ɗalibin sau biyu ko uku yake taɓa ta a zango, a ranar da kowa yake tsaye cikin rana yana cewa a yi sauri.

Na biyu, cutar tsohon gilashi a ɓoye take. Funfuna takan tsiro a cikinsa kamar saƙar gizo-gizo idan ya daɗe a wuri mai laima, in kuma ta jima sai ta cinye shafin da ke kan gilashin, wanda gogewa ba ta maido shi. Man da ke ciki yakan malalo kan 'yan ganyayen ƙarfen da ke buɗe ƙofar haske, su yi nauyi, hoto ya fito fari fat. Ɗaya daga cikinmu ya taɓa sayen irinsa a hannun wani mai tebur a birni. A waje sumul, amma hotunan bikin ƙanwarsa duka suka fito kamar an ɗauke su cikin hazon hunturu. Da ya koma, sai mai tebur ya ce ai ciniki ya faɗa. Daga Getso, mayar da kaya yana nufin kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, da yini guda da malami zai bar aji. In aka haɗa wannan, ina arahar take?

Na uku, wanda ya fi nauyi a wurinmu, kuɗin nan amana ne. Akwai yaron da ya haƙura da ƙosan safe ya ba da nasa. Akwai uwar da ta sayar da gyaɗa a kasuwar Getso ta kawo. Mutum yana iya gwada sa'a da aljihunsa, in ya faɗi shi ya sani. Ba ma iya gwada sa'a da gumin marayu da manoma. Sabo yana zuwa da rasit, kwamiti kuma zai iya neman takardar garanti kafin ya biya, a ajiye su a ofis, duk mai tambaya a nuna masa. Bikin yaye ɗalibai kuma ba a maimaita shi. In hoton aji shida ya lalace, ba za mu sake tara su ba. Wani ya tafi Zariya, wata ta tafi Jos, wani sai a ji labari.

Ba mu ce sabo ba shi da aibi ba. Jikinsa roba ne, injinsa yana iya tsayawa wata rana, masu gyaransa kuma ba su da yawa. Maganin wannan yana hannunmu: a rataya igiyar kyamara a wuya kullum, a rufe gilashi da murfinsa, a ajiye shi a akwati busasshe lokacin marka, kada a cire shi a fili lokacin ƙura, a kuma buɗe littafin da duk mai ɗauka zai sa hannu. Sakaci ne ya fasa na farko, ba tsufa ba.

Ɗalibin da ya tara nasa kuɗi yana son koyon sana'ar daga tushe, shi kam muna ba shi shawara ya nemi tsohon, zai koya masa haƙuri da lura. Sai dai ya tafi da kyamararsa da tocila. Ya haska cikin gilashin ta baya ya duba funfuna da hazo, ya murɗa zoben saiti ya ji ko yana tafiya ba cijewa, ya motsa ƙofar haske ya ga tana rufewa nan take, ya ɗauki hoto a wurin kafin ya ƙirga kuɗi.

Muna roƙon kwamiti ya sayi sabon kafin a dawo hutu, ko da za a ƙara ɗan karo-karo, ya kuma manna rasit ɗin a allon sanarwa. Muna godiya ga duk wanda ya ba da nasa, komai ƙanƙantarsa. Allah ya kai mu baɗi, mu ga fuskokin juna tangaran a waɗannan shafuffuka.