Ba kowane ciwon mara ne "maleriya da taifot" ba

A ƙauyukan Kebbe da Tambuwal, yaro in ya kwana uku da zazzaɓi yana dafe gefen dama na mararsa, an san inda za a nufa: kemis, ko ɗakin gwaji na bakin kasuwa. A ɗibi jini, a miƙo takarda. "Baba, maleriya ce da taifot." A ƙulla kafso a leda, a hau babur a koma gida.

Gwajin nan na taifot, Widal, wani likitan Faransa ne ya fito da shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun da ta bari a jini yake bi. Wanda ya tashi da ruwan rijiya da na tafki zai iya yawo da wannan sawu lafiyarsa ƙalau, maleriya ma kan sa gwajin ya nuna. Takardar ita kaɗai ba hujja ba ce.

Wurin da yaron ya dafe kuwa mahaɗa ce. Nan ƙaramin hanji yake ƙarewa ya shiga babba, ga afendis a maƙale a gefe, cututtuka da dama kuma nan suke yada zango. Taifot na gaskiya yakan ci bangon hanjin ya yi gyambo, a mako na biyu ko na uku ya iya huda shi. Sai ciki ya sandare kamar allo, yaro ya kwanta ko motsi ba ya so. Daga nan babu kafson da zai yi, sai tiyata. Tarin fuka ma yana kama wannan wuri, wani lokaci ta nonon shanun da ba a tafasa ba, amma shi a hankali yake ci, da rama da zufar dare. Akwai tsutsar ciki, akwai gyambon da Diclofenac ke jawo wa manomin da ya mayar da shi kamar goro. Cutar Crohn, wadda aka bayyana a Amurka a 1932, ba a cika samunta a nan ba. Sai an kawar da zargin tarin fuka kafin a ambace ta, don maganinta rura tarin fuka yake yi.

Bambance waɗannan daga tambaya yake farawa: zazzaɓi ne ya riga ciwon, ko ciwon ne ya riga zazzaɓi? Me aka riga aka sha? Sai ma'aikacin lafiya ya ɗora hannu ya danna cikin. Sannan hoto: na ƙirji a tsaye yakan nuna iskar da ta tsere daga hanjin da ya huje. Tabbatar da taifot kuma sai an raini jinin a ɗakin gwaji an ga ƙwayar ta tsiro, kuma gara a ɗiba kafin a fara magani.

Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce, mutumin Kuchi da ke Kebbe kuwa tasa ta fi haka. Shi ya sa ya kamata gwamnatin jiha ta tabbatar manyan asibitocin Tambuwal da Kebbe suna da na'urar hoto mai aiki, da kayan rainon jini, da motar ɗaukar maras lafiya da mai a tanki. Allurar rigakafin taifot da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yi tun 2018, Laberiya ta sa ta cikin rigakafin yaranta a 2021. Wakilan yankin a Abuja su tambayi yaushe za ta iso Kebbe.