Fina-finan zane na ɓarayi: muryar kowa, ribar wa?

Ɗan kasuwar da ke son ciniki da kowace ƙabila dole ya koyi gaisuwarta. Lissafin da kamfanonin fina-finan zane na Amurka suka shiga yi ke nan.

Misali shi ne The Bad Guys, wanda kamfanin DreamWorks ya fitar a 2022, labarin dabbobi biyar da suka shahara da fashin banki. An gauraya masu ba da murya: Craig Robinson baƙar fatar Amurka, Awkwafina mai tushe a China da Koriya, da Richard Ayoade na Ingila, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. Gizo-gizon da yake namiji a littafin asali aka mai da shi mace. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 250, kashi na biyu ya biyo baya a 2025.

A labarin, kowa na yi wa kyarkeci kallon ɓarawo saboda kamanninsa, alhali wanda ake yabo da taimakon jama'a shi ke ƙulla babbar satar. Duk wanda aka taɓa tsarewa a shinge saboda harshensa ya san zafin irin wannan kallo.

To amma murya hayarta ake yi. Mallakar fim da riba suna Amurka. Har Iwájú, labarin Legas da kamfanin Kugali na matasan Afirka ya tsara, ta hannun Disney ya fito a 2024. Wakilci na gaskiya sai ranar da mai labari ya zama mai jari.