Fasfo tun kafin takarda ta iso

Jama'a, yaron Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa da ya samu gurbin karatu a ƙasar waje, lokaci ne ke kayar da shi. Sai takarda ta iso a fara fafutukar kuɗin fasfo, wanda tun Satumban 2025 ya koma naira 100,000. A je Katsina a ɗauki hoto, a zauna jira. Sannan a kama hanyar Abuja neman biza, ga halin da hanyoyinmu ke ciki. Kafin a sa masa ranar intabiyu an yi nisa da karatu.

Ni dai a ganina, ciyamomin nan uku su riƙa yi wa haziƙan ɗalibai fasfo tun suna ajin ƙarshe na sakandare. Yara ashirin, miliyan biyu ke nan. Wallahi taron siyasa ɗaya ya fi cin haka.