Shekara Talatin Domin Magani Ɗaya

Idan aka tambaye mu a aji abin da muke so mu zama, rabinmu za su ce likita. Dalili kuwa shi ne mun ɗauka likita shi ne wanda majiyyaci ya zo wurinsa a kwance, ya koma gida da ƙafafunsa. To, ni a nawa ra'ayi akwai wani irin likita da ya cancanci girmamawa ko da majiyyatansa ba su tashi ba. Misalin da zan kawo shi ne na Farfesa Pamela Shaw ta ƙasar Ingila.

Wannan mata ta gama karatun likita a Jami'ar Newcastle a 1979, sa'an nan ta zaɓi cutar mutuwar jijiyoyin motsi. Wato jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka su ne ke mutuwa kaɗan-kaɗan. Kada ku haɗa ta da shan-inna, ko da shanyewar ɓarin jiki da ke faɗa wa mutum farat ɗaya. Ita wannan a hankali take tafiya. Hannu ya kasa riƙe cokali, ƙafa ta soma ja, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, daga baya numfashi. Galibi mutum yana gani, yana ji, ya kuma san abin da ke faruwa da shi. Yawancin masu ita ba su wuce shekara 2 zuwa 5. Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan da ya rayu da ita daga 1963 har 2018, nasa daban ne ƙwarai.

Wani zai ce, ina amfanin ƙarar da rayuwa a kan ciwon da ba shi da magani, alhali ga zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara kullum? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ku dubi abin da haƙuri ya haifar. A 2006 ita da abokan aikinta a Newcastle suka buga sakamakon wani gwaji a kan na'urar taimakon numfashi da ake ɗaura wa majiyyaci a fuska. Suka tarar cewa waɗanda maƙogwaronsu bai lalace sosai ba sun ƙara kimanin wata bakwai a duniya, kuma cikin sauƙi. Ga mai lafiya wata bakwai ba kome ba ne. Ga uban da ke son ya ga bikin 'yarsa kuwa, ai ba ƙaramin abu ba ne.

A shekara ta 2000 ta koma Jami'ar Sheffield, inda ta kafa cibiyar bincike mai suna SITraN, wadda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2010.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin maganin tofersen. Tun 1993 masu bincike suka gano cewa lahani a wata ƙwayar gado mai suna SOD1 yana kawo cutar a wasu iyalai. Aka daɗe ana neman hanyar hana wannan ƙwaya yin furotin mai guba. Farfesa Shaw tana cikin likitocin da suka gwada maganin, wanda ake yi da allura a gadon baya. Mutum 108 suka shiga babban gwajin. Bayan mako 28 ba a ga bambancin da aka sa rai ba, sai dai alamar lalacewar jijiya a jini ta ragu. Aka ci gaba da bin su har shekara guda, sa'an nan aka ga cutar ta rage gudu ga waɗanda suka fara shan allurar da wuri. Amurka ta amince da shi a 2023, shekara 30 cif bayan gano SOD1. Da an tsaya a mako na 28, da an watsar.

Ba zan ɓoye muku ba, maganin nan na kimanin mutum 2 ne cikin 100 na masu cutar, yana da tsada sosai, kuma ba ya warkarwa. An gwada irin dabarar a kan wata ƙwayar gado, C9orf72, wadda aka gano a 2011 kuma ta fi SOD1 yawan kawo cutar, amma a 2022 aka dakatar da gwajin domin bai taimaki majiyyatan ba. Iyalan da ke ɗauke da wannan ƙwaya har yanzu suna jira.